Daga Ƙofar Doka zuwa Soba, a kan sawun jirgin kuza

Jirgin ƙasa bai taɓa shiga birnin Zazzau ba. Da layin Baro zuwa Kano ya iso a 1911, can bayan ganuwa Turawa suka kafa tasharsu, hayin rafin Kubanni, inda Sabon Gari ya tsiro daga baya. Don haka sai da na fita ta Ƙofar Doka, na ratsa Tudun Wada, kafin na ga ƙarfen dogo. Wahalar aikin shimfiɗa layin kuwa ta shiga har cikin birni, domin ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa kwasar talakawa aikin tilas. Sarkin Zazzau na lokacin, Aliyu Ɗan Sidi, har waƙa ya rubuta a kai, Waƙar Diga.

Ba babbar tashar ce ta fito da ni ba. A da, daga Zariya akwai wani ɗan siririn layi da ya nufi kudu maso gabas, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6, alhali babban layi ƙafa 3 ne da inci 6. Layin Bauchi ake ce masa, amma bai taɓa taka garin Bauchi ba. Ya kai Rahama a 1912, ya kai Bukur a 1914, kuma kuzar Jos aka gina shi ya kwaso.

Na shiga motar Soba. Wani dattijo da muka matsu a kujerar baya ya ji inda na dosa, ya yi dariya. "Ɗana, jirgin da ka ke nema ya girme ka da mutuwa."

Gaskiyarsa. Soba na cikin ƙananan tashoshin layin, tare da Dutsen Wai da Kudaru. Ba don mutanen Soba aka yi ta ba. Jirgi mai cin gawayi dole ya tsaya ya sha ruwa, ya kauce wa ɗan'uwansa. Amma inda jirgi ya tsaya, kasuwa kan samu. Manomi ya samu hanyar kai audugarsa injin gurza na Zariya ba tare da jaki ya kwana a hanya ba.

A 1927 babban layi ya isa Jos ta Kafanchan, kuza ta sauya hanya, ba sauran sauke kaya a Zariya a sake lodi. Ɗan layin ya yi ta jan ƙafa shekara 30, aka rufe shi a 1957. A ganina tun 1927 ɗin ya mutu, jana'iza ce ta yi jinkiri.

Da muka sauka, yaran da ke sayar da rake a bakin titi na tambaya ina tasha. Tashar mota suka nuna mini, inda ake lodin masara zuwa Zariya.