Shasi Ne Mota, Ba Ɗaki Ba

Akwai wata irin mota da Turawa ke so ƙwarai, watau mota mai ɗaki a bayanta, da gado da murhu da tankin ruwa, wadda mutum kan shiga daji ko hamada da ita ya yi makonni bai nemi masauki ba. A shekarun 1970 da 1980 irin waɗannan motoci sun sha ratso Sahara daga Tamanrasset ta Assamaka da Arlit zuwa Agadas, wasunsu har Kano. Wani makaniken Kano da ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙarƙashinsu bai taɓa damuwa da kyan ɗakin ba. Shasi yake fara dubawa, watau ƙarfen da ke ɗauke da inji da ƙafafu da bodi, domin idan shi ya karye nesa da gari, labule da katifa ba za su fid da kowa ba.

A wurinsa Unimog ce sarauniya. Kamfanin Mercedes-Benz ke ƙera ta tun 1951. An sa mata giya a cikin kowace ƙafa, saboda haka cikinta ya yi nesa da ƙasa, tana haye dutsen da zai fasa wata motar. Shasinta kuwa murɗewa yake yi a kan gargada, da gangan aka yi shi haka, don kowace taya ta riƙa taka ƙasa. To, a nan ne masu gaggawa ke yin asara. Wanda ya ɗaure ɗaki kam a kan ƙarfen da ke murɗewa, bango zai tsage, ƙofa ta ƙi rufuwa. Sai an ɗora ɗakin bisa wani ƙaramin shasi mai maɗaurai uku da ke ba shi damar juyawa. Amma fa Unimog ba ta da sauri, ga shan mai, kuma ranar da ta kafe a rairayi sai an nemo gingimari irinta ya jawo ta.

Land Cruiser samfurin 70, wadda Toyota ta fito da ita a 1984, ita ce ya fi yarda ya ba matafiyi shawarar saye. Injinta na dizal mai lita 4.2, wanda ya zo a 1990, ba ya tsirfa wajen mai, kuma da wuya a rasa wanda ya san gyaransa. Aibinta ƙanƙanta. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, wanda ya ɗauki lita 200 ya ƙara mai da tayoyi da abinci, kafin ya ankara sifirin ya kwanta.

Ga masu son jin daɗi akwai Sprinter, wadda ta fito a 1995, har da mai ja da ƙafa huɗu. Kan kwalta da burji babu kamarta, mutum na iya miƙewa tsaye a cikinta. Sai dai cikinta kusa yake da ƙasa, sababbin kuma kwamfuta ke sarrafa injinsu, suna bukatar tataccen dizal maras yawan farar wuta. Irin wannan mota idan ta yi gardama a inda babu na'urar bincike, makaniken da kansa yakan ce sai dai a nemi igiya.