Zare: wai Rana ƙwan lantarki ce?

1/ Sau uku ke nan a wata ɗaya ana turo min bidiyon nan mai cewa Rana ba wutar nukiliya ba ce, wai wata ƙatuwar fitila ce da lantarki ke kunnawa daga waje, kuma wai masana na ɓoye gaskiya. Ku ɗan ba ni lokaci, domin akwai gaskiya a cikin zancen, kuma gaskiyar ce ma take sa mutane su haɗiye sauran.

2/ Filazma iska ce da ta yi zafi har ƙwayoyinta suka rabu, suka ɗauki cajin lantarki. Walƙiyar damina filazma ce. Rana da sauran taurari ma haka. Fiye da kashi 99 cikin 100 na abin da ake iya gani a sararin samaniya filazma ne. Babu masanin da ke musun wannan, yana cikin littafin makaranta.

3/ Kullum sai sun kawo Kristian Birkeland, mutumin Norwe. Wajen 1900 ya ce hasken nan mai rawa da ake gani a samaniyar ƙasashen arewacin duniya, ƙwayoyi ne masu caji daga Rana suke bin maganaɗisun ƙasa su sauko. Har ƙwallon maganaɗisu ya sa a akwatin da aka zuƙe iskarsa, ya harba mata lantarki, zoben haske ya bayyana a samanta da ƙasanta.

4/ Manyan fannin, musamman Sydney Chapman na Ingila, suka ƙi yarda. Birkeland ya rasu a 1917 ba a gaskata shi ba. Sai a shekarun 1960 tauraron ɗan'adam ya auna alamun wannan lantarkin. Yau da sunansa ake kiransa, har hotonsa Norwe ta taɓa sawa a takardar kuɗinta ta 200. Ni kam labarin nan na taɓa min zuciya.

5/ Sai Hannes Alfvén na Suwidin, da ya ci kyautar Nobel a 1970 kan yadda filazma ke mu'amala da maganaɗisu. Shi ma bai yarda da ka'idar Babbar Fashewa ba. To amma ku lura: lissafinsa na filazma ana aiki da shi har yau, ra'ayinsa kan asalin halitta kuwa ya faɗi, domin ya kasa bayyana ɗumin nan da aka gano a 1965 yana zuwa daga kowace kusurwa ta sama. Mutum ɗaya ne fa.

6/ Maganar Rana mai lantarki kuwa wani injiniya Ba'amurke, Ralph Juergens, ya fito da ita a 1972, daga baya Wal Thornhill da David Talbott suka yaɗa ta. Nan ne ni da su muka raba hanya.

7/ In har haidurojin na haɗewa ya zama hiliyam a tsakiyar Rana, dole wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira niyutirino su riƙa fitowa. Raymond Davis ya cika wani ƙaton tanki da ruwan wankin tufafi a ramin haƙar zinare a Dakota ta Kudu don ya kama su. Ya kama, amma kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da lissafi ya ce. Shekara talatin ana kan wannan ciwon kai. A lokacin, wanda ya yi shakka yana da ɗan uzuri.

8/ A 2001 da 2002, na'urar da aka binne kimanin kilomita 2 a ƙarƙashin ƙasa a Sudbury ta Kanada ta warware matsalar. Niyutirino iri uku ne, suna rikiɗa a hanya, Davis kuwa iri ɗaya yake iya kamawa. Da aka ƙirga duka ukun, adadin ya yi daidai da lissafin. Wannan aikin na cikin waɗanda aka ba Nobel a 2015. Bidiyon da ake turo min bai ambaci Sudbury ko sau ɗaya ba.

9/ Kuma in daga waje wutar take shigowa, ina take? Kumbon Ulysses ya ratsa ta saman Rana da ƙasanta a 1994 da 1995. Iska mai caji ya tarar tana fita. Bai ga wani kogin lantarki da ya isa kunna Rana yana shiga ba.

10/ Wani zai ce ai an yi wa Birkeland dariya. Haka ne, ɗan'uwa. Amma Birkeland ya faɗi abin da za a auna da inda za a same shi, aka je aka same shi. Su kuwa an je inda maganarsu ta nuna, ba a samu ba.

11/ In tambaya mai wuyar gaske kuke so, ga ta: fuskar Rana tana da zafin digiri 5,500, amma siririyar iskar da ke samanta ta haura miliyan ɗaya. Har yanzu ana muhawara kan dalili. Kumbon Parker da aka harba a 2018 ya kutsa cikin wannan iskar a 2021, kuma cikin abubuwan da yake aunawa har da igiyoyin maganaɗisu masu ɗauke da sunan Alfvén.