Kukan Ƙofar Mota a Magamar Jibiya

Kwanakin baya na shiga wata Golf daga Katsina zuwa Jibiya. Da muka isa Magama, direba ya sauko zai fiddo wa wata mata kayanta daga but, makulli ya shiga ya ƙi juyawa. Ya jijjiga shi, ya bugi murfin da tafin hannu, daga ƙarshe ya ɗauko robar man birki ya ɗiga a bakin ramin makullin. But ya buɗe, kowa ya ce alhamdu lillahi. Ni kuwa zuciyata ta sosu, domin na san man birki yana jan danshi, yana kuma cin fenti, kafin damina ta wuce makullin nan zai ƙara ƙamewa fiye da da. Ƙofar da na fito ta cikinta ma sai da ta yi ƙara kamar tsohon ƙyauren kwano. Wannan ƙarar ce ta tuno mini da kawuna, Allah ya jiƙansa, wanda ya shekara da shekaru yana jigilar fasinja tsakanin Katsina da Maraɗi, ba a taɓa jin ƙofar motarsa ta yi kuka ba.

Fijo 504 yake ja, doguwar nan mai layin kujeru uku, haɗin Kaduna. Tun 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a can, kuma a shekarun da nake magana hanyar Jibiya ta Fijo ce: 504 na ɗaukar mutane, akori-kurar 404 na ɗaukar buhunan gero da wake, manyan motoci masu bodin katako na bin su a baya a hankali. Na fara bin kawu a hutun makaranta cikin 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, ina ɗan shekara goma sha biyu. Ban kai karen mota ba. Aikina riƙon tsumma da gwangwanin giris.

Kasuwar Jibiya ranar Lahadi take ci, saboda haka yammacin Asabar na mota ne. Kawu kan ce ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan la'asar sai ya kai ta gindin darbejiya, ya kafa wa tayoyin baya duwatsu, ya ɗaga gabanta da jak, ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi. A motocin wancan zamani, a mahaɗar ƙafa da sitiyari da farfela akwai wasu 'yan ƙananan tsinin ƙarfe masu rami, waɗanda ake kafa bakin famfon giris a kansu a matsa. Abin da ya fara koya mini shi ne goge tsinin. Ranar farko na miƙa masa famfo kafin in goge, sai ya riƙe hannuna.

"Tsaya, yaro. Me ka gani a kan nan?"

"Ƙasa ce, Kawu."

"To in ka matsa haka, da giris ɗin da yashin duk ciki za su tafi. Ka zuba wa ƙarfe dutsen niƙa ke nan. Da muguwar rawa gara ƙin tashi."

Daga nan na gane abin da ya sa shafa mai a ƙasarmu ya bambanta da na inda ake rubuta littattafan motocin. Mu abokin gabarmu yashi ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na sauke ƙura mai laushi kamar garin tuwo, babu kafar da ba ta shiga. Wanda ya sauka daga kwalta ya bi hanyoyin ƙauyukan bakin iyaka kuwa, rairayi ne har gindin taya. Duk inda mai ya yi yawa ya tsatso waje, ƙura ta samu wurin zama, ta haɗu da shi ta zama kwaɓi mai cin ƙarfe. Shi ya sa rabin aikin kawu gogewa ne. Yana matsa famfo a hankali har sai tsohon giris, baƙi wuluk, ya fara ɓullowa ta gefen roba, sabon mai ruwan zuma ya biyo bayansa. Nan yake tsayawa, ya share abin da ya fito tas.

Giris ba wani abu ba ne illa mai da aka kama shi da wani irin sabulu don ya zauna inda aka sa shi, kamar yadda soso ke riƙe ruwa. Kawu bai san sunayen sinadaran ba, amma yana murza shi tsakanin yatsu biyu ya ce wannan na boris ne, yana jure zafi, wancan na sifirin ne, ruwa ba ya wanke shi da wuri. Bai yarda a gauraya iri biyu ba, kuma daga baya na karanta cewa gaskiyarsa ce, wasu in sun haɗu sai su tsinke su zube. Boris ɗin taya kuwa, kafin faɗuwar damina yake fiddo su, ya wanke da kananzir, ya shanya a kan takarda, sannan ya ɗebi giris a tafin hagu yana danna boris ɗin a kai har ya fito ta ɗaya gefen. Ba ya cika wurin maƙil, don in ya yi yawa shi ma zafi yake jawowa.

Ƙananan abubuwa kuma a kan iyaka ake yinsu. A Magama za a tsaya gaban kwastan da jami'an shige da fice, a tsallaka Ɗan Isa a sake tsayawa gaban 'yan duwan da jandarmomi. Wata rana minti ashirin, wata rana har a yi azahar. Fasinja na neman inuwa da mai fura, kawu na zagaya motarsa da wani ɗan gwangwani mai dogon baki. Ɗigo ɗaya na baƙin mai a kowane maratayin ƙofa, ya buɗe ya rufe sau uku, ya goge. Ɗan giris a kan yatsa a shafa wa maƙamar ƙofa da ta bonet. Basilin a kan sandunan batir don kada su yi furfura. Robobin ƙofa tsumma mai danshi kawai suke samu, domin mai yana kumbura roba. Haka sauran direbobi suke, za ka ga yaran manyan motoci kwance ƙarƙashin 911 suna matsa wa kingfin da fil ɗin sifirin, wasu suna shafa wa bodin katako tsohon baƙin mai da aka juye don gara da ruwa.

Makulli ma kawu bai taɓa bari mai ya kusance shi ba. Cikin makulli 'yan ƙananan ƙarafa ne da siraran sifirin, in mai ya shiga ƙura ta bi shi, sai su manne. Wasu kan ɗiga man gyaɗa, ya yi daɗin juyawa mako guda, sannan ya daskare ya zama ƙaro. Kawu fensirina na makaranta yake karɓa, ya goga bakinsa a haƙoran makulli har su yi baƙi suna ƙyalli, ya zura ya fiddo sau da yawa. Har yau haka nake yi wa makullin gidana.

Kawu ya sha ba ni labarin rufe iyaka na watan Afrilun 1984, wanda ba a buɗe ba sai Maris ɗin 1986. Fasinja ya yi ƙaranci, motar kan yi kwanaki a tsaye. Duk da haka kowace Asabar sai ya tayar da ita, ya gusa da ita gaba da baya, ya taka birki da kuloci, ya murɗa kowane gilashi sama da ƙasa. Ya ce zaman banza ya fi tafiya kashe mota. Na tuna wannan magana lokacin da aka sake rufe iyaka a Agustan 2019, har Jibiya ba ta buɗe ba sai Afrilun 2022, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, lokacin da manyan motoci suka yi ta zama a gefen hanya har zuwa Maris ɗin 2024. Motar da ta sha damina da hunturu a tsaye, ranar tashi ake ganin birki ya kama, maƙamar ƙofa ta ci tsatsa.

Ban ɗora wa direbobin yau laifin duka ba. Motocin ne suka sauya. Da 'yan Kwatano suka cika hanya, Golf da Toyota da sauransu, sun zo da mahaɗai rufaffu, an zuba musu giris tun daga masana'anta an toshe, babu inda za ka kafa famfo. Fijo 504 ɗin ma an daina haɗa ta a Kaduna. Yaron da ya tashi a gareji yanzu yana iya gama koyon aiki bai riƙe famfon giris ba sai in wajen manyan motoci yake. Sabis ya koma juye da canjin filta. Amma yashin Jibiya bai sauya ba. Robar shaf ɗin Golf in ta tsage, giris ya fice, rairayi ya shiga, cikin 'yan makonni za ka ji ƙas-ƙas-ƙas duk sanda aka karya kwana. Robar da za a canza da kuɗi kaɗan in an duba da wuri, sai ta ja a sayi shaf sukutum. Kuma ƙofa da bonet da makulli da sandunan batir suna nan yadda suke tun zamanin 404, hannu suke jira.

Da direban Golf ɗin nan ya gama sallamar fasinja, na matsa kusa da shi na tambaye shi ko yana da fensir. Ya dube ni da mamaki, ya leƙa aljihun mota ya fiddo wani guntu da yake rubuta lissafi da shi. Na karɓi makullin na goge man birkin da gefen tsumma, na goga masa bakin fensirin, na miƙa masa. Ya zura a ƙofar direba, ya juya, ya sake juyawa.

"Baba, a ina ka koyi wannan?"

Na nuna masa wajen shingen kwastan, na ce a can, ina riƙe da tsumma.