Motar tsere a ƙasar duwatsu

Wani ɗan kasuwar albasa a Madawa ya kamu da son motocin tsere tun zamanin da gasar Paris-Dakar ke ratsa Agadas da Yamai. Hoton Porsche 959, wadda ta lashe gasar a 1986, shi ya fara liƙawa a shagonsa. Da albasa ta yi albarka, sai ya tafi Kwatano ya sayo tsohuwar motar tsere mai kujera biyu.

Bisa kwalta, daga Madawa zuwa Ƙonni, ba mai shan gabanta. Amma hanyar Buza da Keita ta duwatsun Adar ce, ga koramu da damina, ita kuwa cikinta na shafar ƙasa. Ana nan sai aka karya darajar sefa a Janairun 1994, kuɗin kayan gyara ya ninka. Tilas ya zaɓi ɗaya: ko motar, ko jarin da ke ciyar da gidansa.

Ya sayar da ita, ya riƙe hotunanta. In abokai suka yi masa ba'a, sai ya ce musu hoto ba ya shan mai, ba ya biyan duwan.