Fotash, Kanwa Da Kududdufin Lambun Gida

A wannan watan ina so mu ɗan fito daga madafi mu leƙa lambu, domin gidaje da yawa yanzu sun samu kwamin siminti ko tankin roba da ake kiwon tarwaɗa a ciki, wasu kuma sun haƙa ɗan kududdufi a gefen shuke-shuke, an dasa bado an zuba 'yan kifaye. Idan kina cikin masu irin wannan, ko kina da niyya, to akwai wani taki da wata rana za a ce ki nema, sunansa fotash. Sunan nan kawai ya isa ya jawo asarar kifin da aka yi wata huɗu ana ciyarwa, idan ba a san abin da ake nufi da shi ba.

Ni dai ga yadda nawa lambun yake. Akwai kwamin tarwaɗa, wanda duk bayan 'yan kwanaki ake sauya masa ruwa, ruwan da aka fitar kuma shi ke bin 'yar lambatu ya shayar da tumatir da attaruhu da gindin ayaba guda biyu. Can gefe kuma ga ɗan kududdufi mai bado, da 'yan ƙananan kifaye da aka zuba don su riƙa cinye tsutsar sauro. Ruwan tarwaɗa taki ne na gaske, duk wadda ta gwada ta sani, alayyafo har sheƙi yake yi. To amma bayan wani lokaci sai na lura ganyen tumatir na ƙasa, wato tsofaffin, suna yin ɗorawa daga baki-baki, daga nan gefen ya bushe kamar an gifta masa wuta, tsakiyar ganyen kuwa kore shar. 'Ya'yan kuma su nuna rabi da rabi, nan ja can kore. Shi ma badon ganyensa ya ƙanƙance, gefensa ya ɗashe, furen ya yi wuyar gani. Malamin gona da maigida ya gayyato ya duba bai ɗauki lokaci ba ya ce ƙarancin fotash ne.

Dalilin kuwa mai sauƙi ne. Abincin shuka manya guda uku ne, su ne haruffan nan da kike gani a jikin buhun kamfa, NPK. Na farko naitrojin, shi ke yin ganye. Na biyu fosfaros, shi ke taimakon saiwa. Na uku shi ne fotash, aikinsa tafiyar da ruwa a jikin shuka, da buɗewa da rufe 'yan ƙofofin da ganye ke numfashi da su, da kai zaƙi zuwa ga 'ya'ya da saiwa, da ƙarfafa kara. Kashin kifi da ragowar abincinsa suna cike da na farko da na biyu, amma na ukun kaɗan ne a ciki. Shi ya sa lambun da ke shan ruwan kifi zalla yake cika da ganye, 'ya'ya kuma su gaza. Kuma da yake shuka tana iya janye fotash daga tsohon ganye ta kai wa sabo, alamar takan fara bayyana a ganyen ƙasa. Kada ki rikita shi da ƙarancin naitrojin, wanda shi ganyen ne gaba ɗaya yake koɗewa, ba gefe kawai ba.

To, 'yar'uwa, neman abin shi ne aiki. Ki aiki yaro kasuwa ki ce ya sayo fotash, wallahi da wuya bai dawo miki da kanwa a ƙulle a leda ba, kuma ba laifinsa ba ne, domin a Turancin da ake yi a Nijeriya kanwa ake kira da wannan suna. Alhali kanwa, ko ja ce ko fara ko ungurnu, gishirin sodiyam ce, 'yar gida ɗaya da hodar nan da muke sa wa fulawa ta tashi. Daga yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga ake haƙo ta tun zamanin da fatake ke ɗora ta a kan jakuna su kai Gwanja su dawo da goro. Tana da amfaninta a tukunyar wake da miyar kuɓewa da kunun mai jego, amma a lambu ɓarna take yi, don sodiyam yana daskarar da ƙasa ya hana ta shan ruwa, ya kuma ƙona saiwa. A cikin ruwan kifi kuwa abin ya fi muni. Kashin kifi yana fitar da wani sinadari mai warin fitsari da ake kira amoniya, wanda muddin ruwan yana daidai yawancinsa a kwance yake ba ya cutarwa sosai, amma da zarar ruwa ya yi kanwa-kanwa sai ya rikiɗe ya koma guba mai ƙona matsatsar numfashin kifi. Kin ga kwamin da ke cike da tarwaɗa ba wurin wasa da kanwa ba ne.

Ba kanwa kaɗai ke amsa wannan suna ba. A shagon masu kayan kiwon kifi akwai wani gari mai launin shunayya da ke rina ruwa, shi ma za ki ji an ce fotash, amma maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, ana wanke kwami da shi. Masu haɗa sabulun ruwa su ma suna da nasu, fari mai kamar ɓawon ƙwai, wanda ke cin fatar hannu. Duk waɗannan babu taki a cikinsu.

Takin da muke nema iri biyu ne, kuma da haruffan jikin buhu za ki gane su. Akwai MOP, mai lamba 0-0-60, ƙwayoyi ne kamar gishiri, sau da yawa ja-ja ko ruwan hoda, wani lokaci fari. Akwai kuma SOP, mai lamba 0-0-50, fari ne, ya fi tsada, ya kuma fi sauƙi ga shuke-shuken da ba sa jure gishiri. Sifili biyun farko suna nufin babu naitrojin babu fosfaros, lamba ta uku kuma ita ce yawan fotash a cikin kashi ɗari. Ki kwatanta da kamfa mai 15-15-15, wanda a buhu mai kilo 50 fotash ɗin da ke ciki kilo bakwai da rabi ne kacal.

Abin da ya sa yake wahalar samu a wurin masu taki na cikin gari shi ne ba a haƙo shi a Nijeriya. Yuriya muna yi, ga masana'antar Indorama a Fatakwal, ga ta Ɗangote a Legas da aka buɗe a 2022. Fotash kuwa daga ƙarƙashin ƙasa ake ciro shi a wuraren da tsofaffin tekuna suka ƙafe, Kanada ce kan gaba, sai Rasha da Belarus, ana kuma tace shi daga ruwan Tekun Luɗu a ƙasar Jodan. Wanda ake shigowa da shi galibi kamfanonin haɗa taki yake tafiya kai tsaye a gauraya shi cikin kamfa, kamar yadda aka riƙa yi a shirin takin gwamnatin tarayya da aka fara a ƙarshen 2016. Da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022 farashinsa ya yi tashin gwauron zabi a duniya baki ɗaya. Don haka kada ki gajiyar da maigida da zagayen rumfunan da ke sayar da kamfa da yuriya da sufa. Ya nufi shagunan da ke hulɗa da manoman rani, masu tumatir da albasa da kankana, ko masu sayar da furanni da dashe, ko ya tambayi malamin gona na yankinku. Ni a irin wannan shagon aka samo mini SOP, an auna kilo ɗaya, kuma har yanzu bai ƙare ba. Idan awo aka yi miki daga buɗaɗɗen buhu, ki zuba cokali ɗaya a kofin ruwa ki juya sosai. Na ƙwarai kusan duk zai narke, idan kuwa kika ga yashi ya kwanta a ƙasa to an yi algus.

Wani abin sha'awa, 'yar'uwa, shi ne kakanninmu sun san fotash tun kafin a zuba shi a buhu. Ruwan tokar da ake tarfawa daga tokar karan gero ko dawa a sa a miya, da tokar da ake yin sabulun salo da ita, ai shi ne. Sunan ma na Turanci ma'anarsa tokar tukunya, don da can toka ake jiƙawa a tace a dafa ruwan har ya ƙafe. Harafin K kuma da ake rubuta shi da shi ya samo asali ne daga kalmar Larabci mai nufin tokar tsirrai. Sai a 1807 wani Bature ɗan Ingila, Humphry Davy, ya ware ainihin sinadarin, masana'antar farko ta fotash na haƙowa kuma aka kafa ta a Jamus a 1861. Saboda haka tokar murhunki taki ce, ki daina zubar da ita a bola. Sai dai fotash ɗin cikinta kaɗan ne, yawanci bai kai kashi goma cikin ɗari ba, mafi yawanta sinadarin farar ƙasa ne, kuma tana sa ruwa ya yi kanwa-kanwa. Wurinta gindin shuka ne, cikin tafin hannu ɗaya ko biyu a faɗin taku ɗaya, a cuɗa da ƙasa. Ba a watsa ta a ruwan da ke da kifi. Ki adana ta inda ruwan sama ba ya dukanta, don ruwa ɗaya ya isa ya wanke amfanin. Kada ki haɗa ta lokaci guda da yuriya ko ɗanyen kashin kaji, naitrojin ɗin zai bi iska. Tokar da aka hura wutarta da leda, ko aka ƙona batir ko katako mai fenti a ciki, wannan kam ba ta dace da abin da iyali za su ci ba.

Mu dawo kan kududdufin. Kwamin tarwaɗa ba ya bukatar taki kowane iri, abinci suke ci, ruwa mai tsafta suke so. Idan tumatir ɗin da ke shan ruwansu ne ke da matsala, a gindin tumatir ɗin ake gyara: cokalin shayi ɗaya ga kowane gindi, a ɗan nesa da kara kamar tsawon yatsa, a rufe da ƙasa a ba da ruwa, lokacin da ya fara fure. Ayaba ta fi kowa cin fotash, ita za ki iya ƙara mata hannu.

Shi kuwa bado ta saiwa yake ci. Hanyar da ta fi ita ce a dasa shi a cikin tsohon baho ko bokiti da ƙasar laka, a rufe saman da tsakuwa, sannan a nutsar. Idan za ki ba shi taki sai ki ɗebi rabin cokalin shayi ki dunƙule shi a cikin ɗan curin yumɓu kamar za ki yi ɗanwake, ki bari ya sha iska, ki tura shi da yatsa can cikin lakar kusa da saiwa ki toshe ramin. A haka zai riƙa narkewa a hankali inda ake bukatarsa. Idan kuma tsirran naki masu yawo a saman ruwa ne, sai an narkar a ruwan, kuma a nan dole ki san yawan ruwanki. Kududdufi mai tsawon mita biyu, faɗin mita ɗaya, zurfin rabin mita, yana cin lita 1,000, wato duro biyar ko jarka arba'in. Ni ga wannan ba na wuce cokalin shayi biyu na SOP, a shafe ba a tsiri ba, in narkar a bokiti tukuna, in zagaya da shi gefe-gefe da safe, sannan in jira mako biyu ko uku. Ganyen da ya riga ya ƙone ba zai dawo kore ba, sabon da ke fitowa shi za ki duba. Nawa badon a wata na biyu ya fara jera furanni, yara har rige-rigen ƙirga su suke yi da hantsi.

Nasan wata za ta ce tunda kamfa yana da fotash a ciki, ga shi kuma a kowace rumfa, me zai hana a watsa shi kawai? Abin da zai hana shi ne sauran biyun. Ruwan da ke da kifi ya riga ya ƙoshi da naitrojin da fosfaros, idan kika ƙara sai gansakuka ta samu abin da take so, cikin 'yan kwanaki ruwan ya koma kamar miyar kuka. Da rana ba komai, amma da dare ita ma numfashi take yi, ta shanye iskar cikin ruwan, ki fito da asuba ki tarar da kifi sun taso sama suna buɗe baki. Masu kiwon karfasa a manyan tafkunan ƙasa da gangan suke sa ruwa ya yi kore don shi ne abincin kifin, amma su ma da awo, sukan tsoma hannu zuwa gwiwar hannu, idan tafin ya ɓace tun kafin nan sai su dakatar da taki. Shi fotash zalla bai cika tayar da gansakuka haka ba, amma idan ya yi yawa yana wahalar da kifi, saboda haka gara ki rage da ki zarce.

Saura maganar yara, wadda ita ce ta fi damuna a duk wannan harka. SOP da sukari ko gishiri ba su da maraba a idon yaro, har ma da babba mai gaggawa. Kada ki juye shi a gwangwanin madara ko robar da aka saba zuba kayan abinci. Ki sa shi a roba mai murfi, a rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, a ɗora can sama a ɗakin ajiya nesa da madafi, inda laima ba ta kai wa. Cokalin da kike awo da shi ya zauna a cikin robar, kada ya koma kwandon wanke-wanke. Shi kansa kududdufin, ko zurfinsa bai wuce gwiwa ba, ya isa ya halaka yaro mai rarrafe cikin ɗan lokacin da za ki juya ki sauke tukunya. Namu an kewaye shi da waya mai ƙofa da kwaɗo, makullin kuma yana rataye a ƙusa inda sai babba ke kai hannu.