Siririn Hannu da Kakkauran Hannu a Ka'akiyya

Mutanen Makka sun san unguwar Ka'akiyya da kasuwar dabbobi da kasuwar kayan lambu. Mu da muka tashi a gefenta, 'ya'yan Hausawan da iyayensu suka zo aikin Hajji suka zauna, muna da wani abin tunawa daban. Rubutu iri biyu muka buɗe ido muka gani, kuma kowanne da mutanensa.

Na waje shi ne ruƙ'a. Da shi dillalin raguna yake rubuta rasit a tsaye, takardar a tafin hannunsa, da shi malamin makaranta yake cika allo kafin mu gama buɗe jaka. Siriri ne, gajeren baƙi, mai gudu. Sinun ba ta da haƙora, ja ɗaya ake yi mata. Ɗigo biyu sai su haɗe su zama ɗan layi, uku su zama ɗan tudu. Kowace kalma tana farawa daga sama kaɗan ta gangaro ta zauna kan layi. Marubutan daular Usmaniyya ta Turkiyya ne suka daidaita masa ƙa'idoji a ƙarni na 19 domin aikin ofis, irin su Mumtaz Efendi, kuma har yau akwai hanzarin magatakarda a jikinsa. Ina son rubutun nan. Na sha ɓata bayan littattafaina ina kwaikwayon hannun wani malaminmu da yake rubuta sunan ɗalibi kamar bai taɓa takardar ba.

Na cikin gida kuwa hannun Baba ne, wanda ya koya a tsangaya kafin ya baro ƙasar Kano. Alƙalamin kara, tawadar da ya dafa da kansa, baƙi manya masu kauri da suke zaune daram. Fa'unsa ɗigonta a ƙasa, ƙafunsa ɗigo ɗaya a sama, bisa al'adar masu karatun Warshu, irin wanda Sharif Bala na Kano ya shahara da shi a Alƙur'anan da aka buga daga rubutun hannunsa. A makaranta Hafsu muke karantawa, cikin nasakhin Usman Ɗaha na mus'hafin Madina, wanda madaba'ar Sarki Fahad take bugawa tun buɗe ta a 1984. Saboda haka ɗigo ɗaya tak ya isa ka gane inda mutum ya yi karatu.

Bambancin yakan fito fili ne bayan an sauko daga Arfa, lokacin da alhazai suke shirin komawa gida. A kwanakin nan tsakar gidanmu cika take da masu son a rubuta musu wasiƙar da alhazan za su kai Kano, Katsina, Maraɗi, Damagaram. Tsofaffin mata su zauna kan tabarma suna faɗa, gaisuwa kaɗai ta ci rabin shafi. Wata rana wata gwaggonmu ta ga Baba ya gaji, ta ce, "Malam, ka bar yaron nan ya karɓe ka mana, ai hannunsa ya fi kyau." Baba ya ce, "Kyau kam akwai, Hajiya. Amma wa zai karanta miki shi a can?"

Gaskiyarsa ce, kuma dalilin yana cikin ginin rubutun. Balarabe yana karanta ruƙ'a ba wasali domin nahawun harshensa yana cike masa gurbin. Hausa ba ta yarda da haka. A ajami dole kowane baƙi ya ɗauki wasalinsa, ga kuma ɗigon imala mai kauri da ake sawa a ƙasa don a fitar da sautin "e". Waɗannan duka suna bukatar fili sama da ƙasa, ruƙ'a kuwa a matse yake. Kaurin hannun Baba, da nake ganin kamar rashin wayewa ne a idon abokaina Larabawa, shi ne yake ba harshenmu wurin zama a kan takarda.

Yanzu duk waɗannan hannaye sun shiga kwamfuta. Katunan ɗaurin aure a Makka da siririn rubutun diwani mai lanƙwasa ake buga su, gidajen abinci da shagunan turare suna son samfurin ruƙ'a saboda ya yi kama da rubutun mutum. Suna da kyau a katin gayyata da kan kwalba, inda kalma biyar ce za a karanta. A dogon rubutu suna gajiyar da ido, sunan Bahaushe kuma in ya shiga cikinsu ba wasali, sai mai shi kaɗai zai gane kansa.

Abin da ya faranta mini rai shi ne rubutun Kano ma bai tsaya a baya ba. A 2016 tsarin Unicode ya karɓi fa'un da ƙafun da nunun irin namu na Afirka, a 2017 kuma ƙungiyar SIL ta fitar da samfurin haruffa mai suna Alkalami, wanda aka zana daga rubutun hannun Kano, kyauta ga kowa. Da za a aurar da 'yata na sa aka buga kati iri biyu. Larabcin da diwani, na maƙwabta da abokan aiki. Hausar da Alkalami, da wasullanta cif, ita aka aika wa dattawan danginmu na gida, kuma ba wanda ya nemi a karanta masa.