Bin Sawun David Daga Paris Zuwa Brussels

Wani taro ne ya kai ni Faransa a tsakiyar hunturu. Da aka watse, saura kwana uku jirgina ya tashi. Ƙanin wani abokina, ɗan Damagaram da ke karatu a Paris, ya same ni a masauki ya ce, "Yaya, bai kamata ka koma gida ba ka leƙa Louvre ba." Ba a buɗe gidan tarihin ranar Talata, saboda haka sai Laraba da sassafe muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka sauka a tashar Palais Royal, muka bi dogon layi ta ƙofar dalar gilashin nan, sanyi yana ratsa mu har ƙashi.

Jama'a duk sun yi wajen hoton Mona Lisa, mu ma can muka nufa. Amma da muka shiga wani dogon zaure mai jan bango, sai na tsaya cak. Zane ne guda ya mamaye bangon, faɗinsa kusan mita 10, tsayinsa ya haura mita 6. Naɗin sarautar Napoleon ne, wanda aka yi a cocin Notre-Dame ranar 2 ga Disamba 1804. Jacques-Louis David ya fara zana shi a 1805, ya kammala a 1807. Mutanen da ke sahun gaba girmansu ɗaya da na mai kallo, har ka ji kamar kai ma ɗan gayya ne. Ga Napoleon tsaye ya ɗaga kambi, ga matarsa Josephine durƙushe gabansa, jan karan-miskin alkyabbarta yana jan ƙasa, mata biyu na tallafe da shi. Can baya idona ya faɗa kan wani mai rawani. Ashe jakadan Daular Usmaniyya ne.

Ina cikin wannan kallo yaron ya taɓa ni ya ce, "Yaya, ka ga dattijuwar can da ke zaune a sama, a tsakiya? Mahaifiyar Napoleon ce, Letizia. Ba ta je wurin ba." A ranar tana birnin Rum, saboda saɓanin da ke tsakanin Napoleon da ƙaninsa Lucien, amma aka ba ta wurin zama mafi daraja a zanen. Ya ƙara da cewa Napoleon da hannunsa ya ɗora wa kansa kambi, kuma haka David ya tsara shi a zanen gwaji na farko. Daga baya aka zaɓi lokacin da yake naɗa matarsa, don ya fi daɗin gani. Paparoma Pius na Bakwai ma da farko hannuwansa a kan gwiwa suke, sai aka ɗaga masa na dama kamar mai sa albarka.

Na daɗe zaune a kan bencin da ke fuskantar zanen. Mun taso da jin cewa gani ya kori ji, ga shi yau abin da na ji ne ya gyara abin da na gani. Mu mun san makaɗan fada, kuma duk mai sauraro ya san waƙar sarauta yabo ce, ya san yadda zai auna ta. Zane kuwa yakan zo maka a matsayin shaidar gani da ido, ka karɓa ba tare da tambaya ba. David ma ya saka kansa cikin 'yan kallo yana riƙe da takardar zane, alamar cewa a gabansa aka yi komai.

Abin da ya hana ni sallama shi a matsayin maroƙin fada kawai shi ne hotunan mutum ɗaiɗai da ya yi. Akwai na Paparoman nan dai, wanda ya zana a 1805: dattijo zaune da takarda a hannu, fuska a sanyaye, idanu na mutumin da ya sha tafiya kuma ya san a hannun wa yake. Akwai na Madam Récamier na 1800, wanda bai ƙarasa ba, mace kishingiɗe cikin farar riga, ƙafa ba takalmi, ɗakin kusan fayau. A waɗannan biyun ban ga yabo ba, mutane na gani.

Washegari na hau jirgin ƙasa ni kaɗai daga Gare du Nord zuwa Brussels, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya da rabi ba. Dalilin zuwan shi ne a can David ya ƙare rayuwarsa. Kafin ya zama mai zanen Napoleon, ɗan juyin juya hali ne, yana cikin 'yan majalisar da suka kaɗa ƙuri'ar kashe Sarki Louis na Sha Shida a 1793. Da Napoleon ya faɗi a 1815 gidan sarautar ya dawo, sai aka kore shi, ya yi gudun hijira zuwa Brussels a 1816.

A gidan tarihin zane-zane na masarautar Beljiyam na tarar da zanen mutuwar Marat. Marat ɗan jarida ne, abokin David, wanda wata budurwa, Charlotte Corday, ta daɓa wa wuƙa yana cikin bahon wanka ranar 13 ga Yuli 1793. Ciwon fata ne ke sa shi zama cikin ruwa, amma a zanen jikinsa sumul. Hannu ya saki yana riƙe da alƙalami, wuƙar na yashe a ƙasa, wadda ta kashe shi ba ta cikin zanen, rabin sama kuwa duhu ne zalla. Sai da ƙwalla ta taru mini, alhali na san mutumin nan ya sha yin kira a jaridarsa a zubar da jinin mutane masu yawa. Ban taɓa ganin zanen da ya kai wannan ƙarfi ba, kuma ban taɓa jin tsoron hannun mai zane kamar a wannan ɗaki ba.

David ya mutu a Brussels ranar 29 ga Disamba 1825, yana da shekara 77. Gwamnatin Faransa ta ƙi yarda a mayar da gawarsa gida. A Brussels aka binne shi, zuciyarsa kaɗai aka kai maƙabartar Père Lachaise da ke Paris.